Majalisa da Makarantar Gona: Tarihin Sa Ido a Kan Makarantun Koyon Aikin Gona, Daga Samaru Zuwa Katsina

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Katsina cikin shekarun 1960 da 1970 ya san malamin gona. A unguwarmu ta Kambarawa, da zarar bazara ta kama, mukan ga ɗaya daga cikinsu ya fito da sassafe cikin kaki, ya ɗaura igiyar awo da littafi a bayan keke, ya nufi ƙauyuka. Dattawa kan tsayar da shi a tsangaya su tambaye shi batun irin gyaɗa, ko takin zamani, ko tsutsar da ta addabi gero. Idan aka tambayi inda ya koyo wannan aiki, amsa ɗaya ake ji, wato Samaru.

Bayan da na shiga aikin gwamnati, na riƙa ganin yadda kuɗi ke fita daga baitulmali zuwa makarantu, sai wata tambaya ta riƙa yi mini yawo a rai: wane ne yake da alhakin zuwa ya dubo halin da makarantar da ke yaye malamin gona take ciki, ya dawo ya faɗa wa jama'a gaskiya? A tsarin mulkin da muke bi, wannan aiki ne na Majalisar Dokoki. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda wannan alhaki ya taso, da inda ya yanke, da yadda ya dawo. Abin da take son nunawa shi ne, makarantar gona ta girmi majalisa a ƙasar nan, ta kuma yi mafi yawan shekarun girmanta ba tare da wakilan jama'a suna tambayar lafiyarta ba. Saboda haka har yanzu ana duba ta da ma'aunin da ake duba sauran makarantu, alhali kuwa lafiyarta a gona take.

2.0 Kafin Zuwan Majalisa

Kafin zuwan Turawa, gandu shi ne makarantar noma a ƙasar Hausa. Yaro yakan koyi shuka da noman firi da maimai da huɗa a bayan mahaifinsa, ya ga gwanaye a wurin gayya, Sarkin Noma kuma shi ne abin koyi. Wanda ya yi sakaci da gonarsa ba ya bukatar mai bincike, domin rumbunsa zai tona masa asiri kafin wata damina.

Turawan mulkin mallaka sun zo da bukatarsu ta auduga da gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan aka shimfiɗa reshen da ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, sai ya zama ana bukatar ma'aikata 'yan ƙasa waɗanda za su kai wa manoma sabon iri da sababbin dabaru. A shekarar 1921 aka fara horar da irin waɗannan ma'aikata a Maigana ta ƙasar Zazzau. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, daga bisani horon ya koma can, inda a 1932 ya zama cikakkiyar Makarantar Koyon Aikin Gona ta Samaru. Abin lura a nan shi ne, a wannan shekara ta 1921 ne Kwalejin Katsina ta fara ɗaukar ɗalibai, kafin Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ke nan makarantar da ta yaye shugabannin Arewa da wadda ta yaye malaman gona tsara ne.

A Lardin Katsina, ɗaliban Samaru sun yi aiki a gonar irin auduga ta Daudawa, da gonar gwaji ta Kafinsoli a ƙasar Kankiya, da kuma shirin noma da garmar shanu wanda aka fara a Arewa a 1928. Sai dai a duk tsawon wannan lokaci babu wata majalisa ta 'yan ƙasa da ke da ta cewa. Daraktan Aikin Gona yana rubuta rahoto ga Gwamna, Gwamna yana rubutawa zuwa Ingila. A lardi kuwa, Razdan da Di'o da Hukumar En'e su ne masu duba aiki. Ba za a ce babu sa ido ba, domin Bature yakan yi rangadi, ya shiga gona da ƙafarsa, ya ƙirga shanu, ya duba littafin sito. Amma sa ido ne na maigida a kan dukiyarsa. Tambayar da ake yi ita ce nawa aka samu na auduga, ba a cika tambayar ko talaka ya ƙoshi da gero da dawa ba.

3.0 Majalisar Jihar Arewa, 1947 Zuwa 1966

Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ya kawo Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna. Da farko ikonsu na ba da shawara ne kawai, wakilan kuma Hukumomin En'e ne suke zaɓo su daga cikin ma'aikatansu. Duk da haka, a karon farko an samu zauren da ake shimfiɗa kasafin kuɗin Arewa a gaban 'yan ƙasa su yi magana a kansa. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, ya gabatar da ƙudurinsa na neman a yi wa mulkin En'e gyara, abin da ya nuna cewa wakili yana iya tsayawa ya tuhumi yadda ake tafiyar da hukuma.

Tsarin mulkin 1951 ya ba majalisar ikon yin doka, ya kuma kawo ministoci. Na 1954 ya mayar da ƙasar tarayya, Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello ya zama Firimiya, aikin gona ya zama yana hannun gwamnatin jiha, haka ma hukumar cinikin amfanin gona. Daga nan makarantar Samaru, da cibiyar horar da ma'aikatan dabbobi ta hanyar Mando a Kaduna, da makarantar Kabba da aka buɗe daga baya, suka zama ƙarƙashin ministocin da ke zaune a cikin majalisa.

Wannan tsari na Ingila yana da wata fa'ida da ya kamata a tuna. Minista ɗan majalisa ne, kullum aka zauna yana nan. Akwai lokacin tambayoyi, inda wakili zai miƙe ya tambayi minista kai tsaye, ma'aikata kuma su kwana suna haɗa masa amsa. Haka kuma idan an zo kasafin kuɗi, ana bin kason kowace ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Raunin tsarin shi ne jam'iyya mai mulki tana da rinjaye mai yawa, 'yan hamayya kaɗan ne, zaman majalisar kuma na 'yan makonni ne a shekara, yawancin wakilai kuwa hakimai ne da ma'aikatan En'e waɗanda ke da wasu ayyuka a gida. Sai dai kusan kowanensu manomi ne, ya san bambancin gonar da aka kula da ita da wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Babban abin da majalisar ta bari a wannan fanni shi ne dokar da ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962, lokacin da Alhaji Isa Kaita yake Ministan Ilmi. A wannan shekara aka miƙa wa jami'ar tashar bincike ta Samaru. Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta taimaka wajen gina tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi. Ita kanta wannan jami'a ta Kansas 'yar majalisa ce, domin dokar Morrill ta 1862 ce ta ba kowace jiha ta Amurka filaye don ta kafa kwalejin aikin gona, dokar 1887 ta ƙara musu tashoshin bincike, ta 1914 kuma ta kafa aikin malaman gona. A can majalisa ce ta haifi makarantar gona, shi ya sa take jin nauyinta. A nan kuwa majalisa tarar da ita ta yi.

4.0 Shekarun da Babu Majalisa

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya rufe zauren majalisa. Manjo Hassan Usman Katsina ya zama Gwamnan Soja na Arewa. A watan Mayu na 1967 aka raba Arewa jihohi shida, Lardin Katsina da na Zazzau suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya. Makarantun gona na Samaru da Kabba da Mando dukiya ce ta Arewa baki ɗaya wadda ba ta rabuwa, don haka a 1968 aka miƙa su ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta kafa musu sashe na musamman a 1971. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar. Da haka makarantar da ta yaye malaman gonar Katsina ta fita daga hannun duk wata majalisa da za a kafa a Kaduna ko a Katsina, ta koma hannun Ikko, daga baya Abuja.

Abin takaici shi ne, a waɗannan shekaru ne aka yanke manyan shawarwari a kan noma. Farin 1972 zuwa 1974 ya halaka dabbobi ya kuma kori mutane daga ƙauyuka. A 1975 cuta ta lalata gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta fara zama tarihi. A wannan shekara aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, wanda ya ɗauki malaman gona masu yawa. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo. A 1977 aka kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa mai hedikwata a Kaduna, wadda ke tantance kwasa-kwasan difloma, har da na aikin gona. A 1978 aka yi Dokar Amfani da Ƙasa wadda ta sanya filaye a hannun gwamna. Duk waɗannan sun shafi makarantun gona, kuma duk an yi su da dokar soja, babu wakilin da aka nemi jin ta bakinsa.

Mulkin farar hula ya dawo a watan Oktoba na 1979 da tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Kwamishina ya daina zama ɗan majalisa, lokacin tambayoyi ya tafi, aka maye gurbinsa da kwamitoci masu ikon bincike da kiran ma'aikata. Amma a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta, wannan iko ya tafi ga wani abu daban. Gwamna Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ɗan jam'iyyar PRP ne, majalisa kuwa NPN ke da rinjaye, a ƙarƙashin kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa. Majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin gwamna, aka yi ta kai ruwa rana har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. A jihar da ta yi kusan shekara biyu babu kwamishina ko ɗaya, ba a sa ran a samu natsuwar zama a tattauna batun rijiya ko garken wata makaranta. Alhaji Lawal Kaita ya karɓi mulki a Oktoban 1983, bayan wata uku soja suka dawo.

An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, Kanar Abdullahi Sarki Mukhtar ya zama gwamnanta na farko. Ma'aikatu da hukumomin sabuwar jiha, har da hukumar raya aikin gona da karkara, duk an tsara su ne a zamanin soja. Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta farko ta zauna a zamanin Gwamna Alhaji Sa'idu Barda, daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, ba ta cika shekara biyu ba aka rushe ta.

Idan aka yi lissafi, daga Janairun 1966 zuwa Mayun 1999 shekara 33 ke nan, a cikinsu kuwa kimanin shekara shida kacal aka yi da majalisa. Ma'aikacin da ya fara aiki a farkon wannan zango ya kai ga ritaya bai saba da a kira shi gaban wakilan jama'a ya yi bayani ba. Mu da muka taso a hannunsu abin da muka koya shi ne rubuta wa na sama takarda, da jiran umurni. Majalisar ita ma ba ta tara ƙwararrun ma'aikata da kundin tarihin aikinta ba, domin duk lokacin da soja suka zo ita ce kawai ake rufewa, ma'aikatu da kotuna su ci gaba.

5.0 Ikon Majalisa Daga 1999

Tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Dokokin jiha iko mai faɗi. Sashe na 120 ya hana a fitar da kuɗi daga asusun jiha sai da iznin doka. Sashe na 121 ya wajabta wa gwamna ya gabatar da kasafi gaban majalisa. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken duk wani mutum ko ma'aikata ko hukuma da ke aiwatar da dokokinta ko kashe kuɗin da ta ware, domin gyara doka da kuma tona cin hanci, da rashin iya aiki, da almubazzaranci. Sashe na 129 ya ba ta ikon kiran shaida, da rantsar da shi, da neman takardu, har da sa a kamo wanda ya ƙi amsa kira. Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisar Tarayya irin wannan iko a kan makarantun tarayya kamar na Samaru. A Katsina, wakilai 34 ne ke riƙe da wannan amana.

Akwai wani abu a sashe na 125 da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha yana binciken ma'aikatu ya kai wa majalisa rahoto, amma hukumomin da aka kafa da dokarsu, waɗanda manyan makarantu ke cikinsu, ba shi ke binciken asusunsu na shekara kai tsaye ba. Yakan ba su jerin sunayen masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi a kan rahoton, ya kuma riƙa leƙawa lokaci zuwa lokaci. Ma'anar wannan ita ce, idan kwamitin majalisa bai nemi waɗannan rahotanni da kansa ba, ana iya shekaru ba wanda ya karanta su.

Haka kuma majalisar da ke roƙon kuɗin man mota daga ɓangaren da za ta bincika ba ta da bakin magana. Gyaran tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018 ya tanadi a riƙa ba majalisun jihohi kuɗinsu kai tsaye, aka ƙara ƙarfafa shi a 2023.

A wannan zango ne wuraren koyar da aikin gona suka ƙaru a jihar. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da darussan aikin gona a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wadda aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona. Maƙwabciyarmu Kano ta kafa Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta a 2002.

6.0 Dokar 2011 da Abin da Ta Jawo

Misali mafi bayyana na yadda aikin majalisa ke shafar waɗannan makarantu shi ne na asusun ilmi. A 1993 gwamnatin soja ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu domin tallafa wa ilmi, makarantu iri-iri suka riƙa amfana. A 2011 Majalisar Tarayya ta sake dokar, ta kafa Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund, ta taƙaita shi ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilmi, jami'o'i su ɗauki kashi biyu, sauran biyun kashi ɗaya ɗaya. Kwalejojin aikin gona masu zaman kansu suka tsinci kansu a waje.

Sakamakon haka, sashen aikin gona da ke cikin jami'a ko kwalejin fasaha yana iya samun rabo ta hannun uwar makarantarsa, amma kwalejin da ba ta da wani aiki sai koyar da noma ta dogara ga abin da ma'aikatarta ta sakar mata. Shugabannin waɗannan kwalejoji da ƙungiyoyin malamansu sun sha kai kuka, an kuma sha gabatar da ƙudurorin gyara. Wannan ya faru ne shekara takwas bayan shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo, a 2003, cewa za su riƙa ware wa noma aƙalla kashi 10 cikin 100 na kasafinsu. Darasin da ke nan shi ne, duk mai shawarar kafa wa jiha kwalejin gona mai cin gashin kanta, wajibi ne majalisa ta tambaye shi daga ina kuɗin gudanar da ita za su riƙa fitowa, tun kafin a aza harsashi.

7.0 Abin da Na Gani da Idona

A ƙarshen shekarun aikina na taɓa raka wani kwamiti ziyarar gani da ido zuwa wata makarantar koyon aikin gona, wadda ba sai na ambaci sunanta ba. An sanar da zuwanmu mako biyu kafin ranar. Mun tarar an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an wanke taraktoci an jera su a inuwa. Shugaban makarantar ya karanta jawabin maraba, ya gode wa gwamnati, ya roƙi a gina masa katanga da ɗakin taro, a kuma ba shi motar ɗalibai. Cikin watan Fabrairu ne, gona ba komai sai kara.

Har an fara shirin cin abinci, sai wani dattijo daga cikin wakilan, wanda manomi ne tun kafin ya shiga siyasa, ya ce, "Malam, a ɗan tayar mana da taraktocin nan mu ji kukansu." Guda ɗaya ce ta tashi. Ya sake tambaya, "Bara kadada nawa kuka noma, buhu nawa kuka ɗauka, ina kuma kuɗin?" Sai wuri ya yi tsit. Daga baya shugaban ya ja ni gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin noman bara sai cikin Agusta suka iso, me zan shuka a Agusta? In kuma na faɗi haka a gaban baƙi, za a ce na kai ƙarar iyayen gidana."

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin ni ma da ni aka tsara ziyarar, ban kuma taɓa tunanin a ɗage ta zuwa damina ba. An rubuta rahoto mai kyau, amma har na bar aiki ban ji an koma an duba ko an aiwatar da shi ba. Ɗaliban da muka gani a ranar sun karɓi takardar difloma, wasunsu ba su taɓa riƙe garmar shanu ba, yau kuwa su ne ake aikawa su koya wa manomin da ya shekara arba'in a gona.

8.0 Bukatun da Ya Kamata a Duba

Daga wannan tarihi ana iya fitar da abubuwan da suka bambanta makarantar gona da sauran makarantu.

Na farko shi ne lokaci. A da shekarar kuɗi tana farawa ranar 1 ga Afrilu, daga farkon shekarun 1980 aka mayar da ita Janairu. Damina kuwa ba ta san wannan ba. A arewacin jihar ruwa bai fi na wata huɗu ba, wanda ya rasa shukar Yuni da farkon Yuli ya rasa shekara. Ana iya jinkirta ginin aji wata shida a gina, amma ba a jinkirta shuka, ba a kuma jinkirta abincin dabbobi. Saboda haka tambayar da ta fi "nawa aka ware" muhimmanci ita ce "nawa aka saki, kuma a wane wata".

Na biyu shi ne fili. Yawancin waɗannan makarantu an kafa su ne a bayan gari da manyan gonaki, yanzu gari ya cim musu. Ya kamata kwamiti ya nemi taswirar asali da takardar mallaka, ya zaga iyaka da ƙafa.

Na uku shi ne ruwa da dabbobi da kayan aiki. Jihar da ke da madatsun ruwa irin na Zobe da Jibiya da Sabke da Ajiwa tana bukatar ɗaliban da suka koyi noman rani da hannunsu. A ƙirga garke, a duba littafin haihuwa da mutuwa da sayarwa, a tayar da injuna.

Na huɗu shi ne malamai da tantance kwasa-kwasai. Rahoton hukumar tantancewa yakan lissafa abin da makaranta ta rasa dalla-dalla, shi ya kamata wakili ya riƙe a hannu kafin ya shiga mota.

Na biyar, wanda magabatanmu ba su san shi ba, shi ne tsaro. Bayan sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, an kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Kaduna a Maris na 2021, an kuma kai hari Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura a Jihar Zamfara a Agustan wannan shekara. Makarantar gona dole ta zauna kusa da daji, domin can gona take. Katanga tana iya kare ɗakin kwana, amma ba ta kewaye kadada ɗari, don haka batun ya wuce na shugaban makaranta shi kaɗai.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa horar da malaman gona ya fara a 1921, shekara 26 kafin a sami majalisa a Arewa, ya kuma ratsa shekaru masu yawa na mulkin soja ba tare da mai tambaya ba. Zangon da aka fara a 1999 shi ne mafi tsawo da wakilan jama'a suka taɓa samu ba tare da yankewa ba, saboda haka uzurin ƙuruciya ya fara ƙarewa. Doka ta ba su iko isasshe. Abin da ya rage shi ne al'ada: a kai ziyara sau biyu, ɗaya cikin Yuli ko Agusta lokacin da shuka ke tsaye, ɗaya da kaka lokacin da ake auna amfani, a saurari ɗalibai da leburorin gona ba a gaban shugabanninsu ba, a kare ma'aikacin da ya faɗi gaskiya, a karanta rahoto a zauren majalisa, a kuma ajiye shi inda wakilan da za su zo nan gaba da masu binciken tarihi za su same shi.

Malamin gonar da muka sani a Kambarawa ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Dattawan unguwa sun yarda da maganarsa ne saboda sun ga kanta a tafin hannunsa, sun san an sa shi ya yi noma kafin a ba shi takarda. Ko jikokinmu za su sami irinsa, wannan ya danganta ga irin tambayoyin da wakilanmu za su yi idan sun je makarantar gona, da kuma watan da suka zaɓa su je.